Charles Dotter, likitan da ya fara buɗe toshewar jijiyar ƙafa ba tare da wuƙa ba

A Bahri ko Omdurman, kamar dai a Maraɗi, Garwa ko Kumasi, babu maganar da dangin mai ciwon suga suke tsoron ji daga bakin likita irin a ce sai an yanke ƙafa. Abin yakan faro ne daga ɗan rauni a yatsa, na ƙaya ko na matsin takalmi. A yi ta wanki ana ɗaurewa, mako ya zama wata, gyambo ya ƙi warkewa, yatsa ya soma baƙi. Sau da yawa tushen matsalar yana can sama, a cinya ko bayan gwiwa, inda jijiyar da ke kai jini ƙafa ta toshe da kitse da ƙwansar da suka taru a bangonta cikin shekaru. Naman da jini bai isa gare shi ba kuwa ba ya warkewa, komai tsadar maganin da aka shafa masa.

A yau likita na iya shiga cikin wannan jijiya ta wata ƴar huda a gindin cinya, ya bi ta da waya da siririn bututu har wurin toshewar, ya buɗe ta, majinyaci yana farke. Wanda ya fara yi wa ɗan Adam wannan aiki da gangan shi ne Charles Theodore Dotter, wani Ba'amurke likitan ɗaukar hoto da ya rasu a 1985. Bai taɓa zama likitan fiɗa ba, kuma rabin wahalar da ya sha daga nan ta taso.

An haife shi ranar 14 ga Yunin 1920 a Boston, ya tashi a garin Freeport kusa da New York. Tun yana yaro an san shi da kwance inji don ya ga abin da ke ciki. Ya gama jami'ar Duke a 1941, ya samu shaidar likita a Cornell a 1944, kuma a shekarar ya auri wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin New York. Bayan ya yi wa rundunar sojan ruwa aiki, sai ya koma wannan asibiti ya ƙware a fannin hoto.

A wancan zamani likitan hoto mai duba inuwa ne kawai. Ya ɗauki hoto, ya ɗaga shi gaban fitila, ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa wa masu magani. Sai dai fannin ya soma motsi. Tun 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririn bututun roba, wanda likitoci ke kira kateta, ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa, ya nuna cewa mutum ba ya mutuwa don an bi cikin jijiyarsa. A 1953 kuma Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Siwidin ya fito da dabarar da har gobe ake amfani da ita: a huda jijiya da allura, a zura waya ta cikin allurar, a zare allurar, sannan a ɗora bututu a kan wayar ya bi ta. Da wannan ake zuba ruwan da ke fitowa a hoto, a ga hanyoyin jini kamar taswirar koguna.

Dotter ya faɗa wannan harka da ƙarfinsa. A 1950 ya ƙera na'urar da ke ɗaukar hoto biyu a daƙiƙa ɗaya don a bi tafiyar jini cikin zuciya, shekara ɗaya bayan nan shi da malaminsa Israel Steinberg suka fitar da littafi a kan hoton zuciya da jijiyoyinta. A 1952, yana ɗan shekara 32, aka ba shi shugabancin sashen hoto na makarantar likitoci ta Jami'ar Oregon da ke Portland, can kuriyar yammacin Amurka. A kan wannan kujera ya zauna shekara 33, har ajalinsa.

Kayan aikin da yake so babu su a kasuwa, saboda haka ya riƙa haɗa abinsa. Ya yi wayoyi daga tsirkiyar jita, da wayar agogon gudun mota ƙirar Volkswagen, ya yi bututu daga robar da ke lulluɓe wayar sadarwa. Ya ɗauki kansa mai gyaran famfo, har ma ya mayar da hoton bututun ruwa da sifana a gicce tambarinsa. Tunaninsa shi ne duk abin da mai famfo ke yi wa bututun gida, ana iya yi wa jijiya.

Shekarar 1963

Abubuwa uku suka faru a wannan shekara. Na farko kuskure ne. Yana ƙoƙarin ɗaukar hoton babbar jijiyar ciki ta wani majinyaci, sai bututunsa ya ratsa ta cikin jijiyar ƙugu ta dama wadda ta riga ta toshe, ba tare da ya yi niyya ba. Da ya zare, hanyar da bututun ya bi ta zauna a buɗe. Wani likitan zai gode wa Allah da bai yi ɓarna ba, ya wuce. Shi kuwa ya tsaya a kan tambayar: in har ana iya yin haka bisa kuskure, me zai hana a yi da gangan?

Na biyu, a watan Yuni ya je taron likitocin hoto a Karlovy Vary ta ƙasar Cekoslobakiya, ya yi jawabi na fiye da awa ɗaya, inda ya ƙarasa da cewa bututun da ake ɗaukar hoto da shi zai iya zama kayan aikin magani. Mahalarta suka miƙe tsaye suna tafi. Cikinsu har da Josef Rösch, wanda daga baya ya koma Portland a 1967 ya zama babban abokin aikinsa.

Na uku ya faru a Chicago, a taron shekara na likitocin hoto. Wani matashi mai suna Bill Cook, wanda bai daɗe da buɗe ɗan kamfaninsa a ɗakin gidansa da ke Bloomington ba, yana nuna yadda ake lanƙwasa bututun Teflon da wutar walda. Dotter ya ari wutar da ɗan bututu ya tafi masaukinsa. Washegari ya dawo da kateta goma da ya haɗa cikin dare, Cook ya sayar da kowace dala 10. Daga nan suka ƙulla abota, kuma Cook ne ya ƙera masa kayan da ya yi aikinsa na farko da su: bututu biyu masu shiga juna, ƙarami mai lamba 8 da babba mai lamba 12. Ma'aunin nan na Faransa ne, wanda ya samo asali daga Joseph Charrière, maƙerin kayan asibiti na Paris, kuma kowace lamba ɗaya sulusin milimita ce. Ke nan babban bututun kaurinsa milimita 4 ne kacal. Kafin su taɓa mai rai, shi da ɗalibinsa Melvin Judkins sun gwada dabarar a jikin gawarwaki.

Tsohuwar da ta ƙi a yanke ta

A farkon 1964 aka kwantar da wata tsohuwa ƴar shekara 82 a asibitin jami'ar. Ƙafarta ta hagu ta yi sanyi, tana da gyambon da ya ƙi warkewa, yatsu sun soma ruɓa, ga azabar ciwo dare da rana. Likitocin fiɗa suka ce a yanke. Ta ce atafau ba ta yarda ba. Jikinta kuma ba zai ɗauki doguwar tiyatar gyaran jijiya ba. Likitanta, William Krippaehne, wanda yake ɗasawa da Dotter, ya ga babu abin da za a rasa, ya tura ta wurinsa.

Hoto ya nuna cewa jijiyar cinyarta ta tsuke ne a wani gajeren wuri guda. Ranar 16 ga Janairun 1964 Dotter ya kashe zafin gindin cinyar da allura, ya huda jijiyar, ya lallaɓa waya har ta wuce wurin da ya tsuke, yana kallon tafiyarta a allon hoto. Ya ɗora ƙaramin bututun a kan wayar ya tura, sannan ya ɗora babban a kan ƙaramin, kamar yadda maƙeri ke faɗaɗa rami da tsinke sannan da babban ƙarfe. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Cikin mintuna ƙafar da ta yi sanyi ta ɗau ɗumi. Cikin mako guda ciwon ya tafi. Gyambon ya warke, yatsun da suka riga suka mutu suka faɗi da kansu, wurin ya haɗe. Hotunan da aka sake ɗauka bayan mako uku da bayan wata shida sun nuna jijiyar tana nan a buɗe. Tsohuwar ta rayu kusan shekara uku bayan haka, ciwon zuciya ne ya yi ajalinta, kuma har ƙarshe da ƙafafunta biyu take tafiya.

Ya kamata a lura da irin majinyacin da aka fara wannan aiki a kansa: tsohuwa, mai rauni, wadda tiyata ta riga ta sallama. Haka ma yawancin waɗanda suka biyo bayanta. Rahoton da Dotter da Judkins suka buga a mujallar Circulation a watan Nuwamban 1964 ya ƙunshi ƙafafu 11 na mutum 9, akasarinsu waɗanda ake shirin yankewa, kuma ba duka aka ceto ba. A cikin wannan rahoto ne ya yi hasashen cewa wata rana za a kai dabarar ga jijiyoyin ƙoda da na zuciya, har ma a riƙa saka wani abin tokare a cikin jijiya don kada ta sake rufewa.

Gida bai karɓa ba

A Amurka abin bai samu karɓuwa ba. Majinyaci a hannun likitan fiɗa yake, shi ke tura shi ɗaukar hoto, kuma ba su ga dalilin miƙa wa mai hoto aikinsu ba. Abokan aikin Dotter sun sha ba da labarin wani likitan fiɗa da ya aiko masa da mara lafiya tare da rubutaccen gargaɗi cewa ya duba jijiyar cinya ta hagu kawai, kada ya kuskura ya gyara. Da hoto ya fito sai ga tsukewa a jijiyoyi biyu, ta sama da ta can ciki. Dotter ya bar wadda aka hana shi, ya buɗe ɗayar. Daga baya tiyatar da likitan ya yi wa ta saman ta lalace, wadda Dotter ya buɗe ce ta ci gaba da ciyar da ƙafar. Labarin na da daɗi, amma yana nuna halin mutumin: umarnin da aka ba shi ya bi a baki, ya karya shi a aikace.

Shi ma ya taimaka wajen ɓata wa kansa suna. A watan Agustan 1964 mujallar Life ta buga hotunansa yana tsakiyar aiki, ido a zare, fuska a murtuke, ga gumi. Jama'a suka yi ta tururuwa, abokan sana'a kuwa suka laƙaba masa Charlie mahaukaci, sunan da ya bi shi har kabari. Ya taɓa hawa dutsen Hood, mai tsayin sama da mita 3,400, tare da wani da ya buɗe wa jijiya, aka ɗauki hotonsu a ƙololuwa don masu shakka su gani.

Sai dai zalunci ne a ce duk adawar hassada ce. Likitocin fiɗa suna da abin da ya riga ya tabbata a hannunsu: tun 1948 Jean Kunlin ya nuna a Paris cewa ana iya ciro wata jijiyar ƙafa mai mayar da jini zuciya, a ɗinka ta sama da ƙasan toshewar, jini ya zagaye. Dabarar Dotter kuma tana da aibi na gaske. Girman hanyar da za a buɗe daidai yake da girman ramin da za a huda a gindin cinya, saboda haka babbar jijiya na buƙatar babbar huda, da haɗarin zubar jini. Bututu mai tauri yana goge bangon jijiya yayin turawa, wani lokaci ya ɓalle ɓarɓashi ya gangara ya toshe ƙananan hanyoyin ƙasa. Ya gwada balan-balan a 1965, amma robar lokacin ta yi laushi, takan kumbura ta gefe ta bar wurin da ya yi tauri. Ko bayaninsa na yadda abin ke aiki bai tsaya ba. Ya ɗauka kitsen yana dannuwa ne kamar dusar ƙanƙara in an taka ta. Binciken da aka yi wajen 1980 ya nuna cewa tsagewa yake yi, bangon jijiyar ya miƙe, sannan jiki ya warkar da tsagar.

Turai ce ta riƙe aikin a shekarun da Amurka ta juya masa baya. Werner Porstmann a Berlin ta Gabas da Eberhard Zeitler a Jamus ta Yamma suka yi wa ɗaruruwan mutane, suka rubuta sakamakonsu dalla-dalla, har Jamusawa suka mayar da sunan Dotter aikatau, suna cewa an yi wa jijiya dottern. A wurin Zeitler wani matashi mai suna Andreas Grüntzig ya ga dabarar. Ya koma Zurich ta Suwizalan, ya shafe dare da dama a kicin ɗin gidansa yana haɗa balan-balan daga robar PVC, wadda ke kumbura zuwa girman da aka ƙayyade ta tsaya. Wannan ya warware babbar matsalar: a shiga ta ƙaramar huda da balan-balan a tsuke, a hura shi a wurin toshewar, a sace iskar a fito. A 1974 ya fara amfani da shi a jijiyar ƙafa, ranar 16 ga Satumban 1977 kuma ya buɗe jijiyar zuciyar mutum mai rai. Sai a lokacin Amurka ta farka, ta karɓi abin da aka haifa a Portland kamar baƙon kaya daga Turai. A 1978 aka gabatar da sunan Dotter don kyautar Nobel, bai samu ba.

Bai zauna jiran yabo ba. A 1969 ya saka ƴar waya mai siffar sifirin a jijiyar ƙafar karnuka don ta tokare ta, wadda ita ce kakar ragar ƙarfen da ake sakawa yau, ya sake komawa kan batun a 1983 da ƙarfen nitinol mai tuna siffarsa. Shi da Rösch suka nuna a farkon shekarun 1970 cewa ana iya tsayar da zubar jini a ciki ta hanyar toshe jijiyar da ke zubarwa, a 1974 kuma suka bayyana yadda ake kai maganin narkar da gudan jini kai tsaye inda gudan yake.

Duk wannan yana yi ne da jiki mara lafiya. A 1967 aka gano yana da sankarar Hodgkin. Da ta lafa, sai ya je ya hau dutsen Matterhorn, mai tsayin mita 4,478, ba tare da ɗan jagora ba. Ya hau dukkan duwatsun babban yankin ƙasar Amurka da suka haura ƙafa 14,000, yana tuƙa jirgin sama, yana zane. An yi masa tiyatar zuciya har sau biyu, wato irin fiɗar da ya ƙare rayuwarsa yana neman a rage. Ya rasu ranar 15 ga Fabrairun 1985 yana da shekara 64. Judkins ya riga shi da ƴan makonni, Grüntzig kuma ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Oktoban shekarar. A 1990 aka buɗe cibiya mai ɗauke da sunan Dotter a Portland, da kuɗin da Bill Cook ya bayar.

Doguwar toshewa

Tsohuwar 1964 ta yi dace da tsukewarta gajera ce. Abin da ya fi ba likitoci wuya shi ne jijiyar da ta toshe ruf tsawon watanni ko shekaru, wani lokaci kusan tsawon cinya, ta yi tauri kamar dutse har waya ba ta ratsawa. Mafita ɗaya ta zo daga Leicester ta Ingila, ita ma bisa kuskure irin na Dotter: a ƙarshen shekarun 1980 Amman Bolia ya ga cewa in waya ta kauce ta shiga tsakanin fatun bangon jijiyar, ana iya barin ta ta zagaye toshewar ta sake faɗawa hanya a ƙasa, a hura balan-balan a wannan sabuwar hanya. Yanzu kuma akan shigo daga ƙasa, ta jijiyar idon sawu, in sama ta gagara.

Gardamarsa da likitocin fiɗa ba ta ƙare da nasarar kowa ba. Binciken BASIL na Birtaniya a 2005, mai mutum 452, ya ga hanyoyin biyu sun yi kunnen doki a farkon shekaru. Wani babban bincike na 2022, BEST-CLI, ya nuna tiyata ta fi ga wanda ke da lafiyayyar jijiyar da za a ɗinka masa. BASIL-2 na 2023 kuwa ya fifita bi ta cikin jijiya ga toshewar ƙasan gwiwa, wadda ita ce ta fi addabar masu ciwon suga. Jijiyar da aka buɗe tana iya sake rufewa, musamman ga wanda bai bar taba ba.

A Sudan, inda ƙiyasin 2021 ya nuna manya fiye da miliyan uku na da ciwon suga, wannan batu ba na nesa ba ne, har ga Hausawan unguwannin babban birnin da na Mai Wurno da Gadarif. Kafin yaƙi, cibiyar Jabir Abu Eliz da ke Khartum ta yi suna wajen kula da ƙafar masu suga, asibitin Ahmed Gasim na Bahri kuma yana cikin wuraren da ake aikin kateta na zuciya. Faɗan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe yawancin asibitocin biranen uku, ya tarwatsa ƙwararru zuwa wasu jihohi da ƙasashen waje. Aikin Dotter na buƙatar na'urar hoto mai motsi, wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, ruwan hoton da ƙodar majinyaci za ta iya ɗauka, da wayoyi da balan-balan da ake shigowa da su da kuɗin waje. In ɗaya ya rasa, zaɓin da ke saura shi ne wanda tsohuwar Portland ta ƙi.

Gano cutar da wuri bai kai haka tsada ba. Alamar farko ita ce ciwon sha-raɓa da ke kama mutum in ya yi ƴar tafiya, ya sake shi in ya tsaya. In ta yi nisa, ciwon yakan tashe shi da dare a yatsu, ya ji sauƙi sai ya sauko da ƙafar daga gado. Mai suga da jijiyoyin jinsa suka mutu yana iya rasa duka alamun biyu, shi ya sa ake so a riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. A asibiti ana auna bugun jini a idon sawu da na hannu, da abin awon hawan jini da ƴar na'urar sauraro mai batir, a raba na ƙafa da na hannu. In lissafin ya gaza 0.9, akwai toshewa. Ga wanda ya daɗe da suga, jijiyoyin kan yi tauri har awon ya fito da kyau alhali ba haka ba ne, sai a koma a auna a babban yatsa.